Tsofaffin Jiragen Katako: Tsufa Ke Nutsar Da Su Ko Sakaci?

Duk wanda ya tsaya a bakin gulbin Gagare a ƙasar Ƙauran Namoda cikin watan Maris, ba abin da zai gani sai farin rairayi shimfiɗe, da sawun shanu, da 'yan ramukan da ake tonawa a tsakiyar gulbi don neman ruwa. Yara suna ƙetarewa da ƙafa, masu jakai suna ɗibar yashi. A ƙauyukan da ke nesa da gada kuwa, akan ga kwale-kwale a kife bisa gaɓa, rana tana dukansa, yana jiran damina. In mutum ya komo wurin nan cikin Agusta, bayan an kwana biyu ana sheƙa ruwa, sai ya tarar gulbin ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da itatuwa da yayi. Haka lamarin yake ga Bunsuru da ya ratso ƙasar Zurmi, har zuwa fadamun Shinkafi da Isa inda ruwayen nan ke gangarawa su shiga Rima. A lokacin ne za a birkice kwale-kwalen nan a tura shi ruwa, a zuba masa manoma da 'yan kasuwa da buhunan hatsi, har da babura.

Abin da kan biyo baya ba baƙo ba ne ga masu karatu. Ranar 26 ga Mayu 2021 wani jirgin katako ɗauke da mutane fiye da 150 ya dare a kogin Kwara tsakanin Jihar Neja da Wara ta Jihar Kebbi, 'yan kaɗan ne suka tsira. A ƙarshen Nuwamba na shekarar, wani ya kife a madatsar ruwa ta Watari a ƙasar Ɓagwai ta Jihar Kano, akasarin waɗanda suka rasu kuwa ɗaliban Islamiyya ne. Cikin Satumba 2024 aka yi na Gummi, inda manoma masu yawa suka halaka a hanyar gona. A ƙarshen Agusta 2025 abin ya matso kusa, sa'ad da mutanen ƙasar Birnin Magaji, maƙwabtan Ƙaura da Zurmi, suka cunkusu cikin kwale-kwale suna gudun 'yan bindiga, ya nutse da su. Allah ya jiƙansu baki ɗaya.

Bayan kowane haɗari, dalilai biyu ake ta maimaitawa, watau lodi ya wuce kima, jirgi kuma ya tsufa. Saboda haka ne a 2025 Ministan Harkokin Teku, Adegboyega Oyetola, ya yi kira ga gwamnatocin jihohi da su raba jama'a da jiragen katako, a koma ga na faiba da na alminiyam. Shawara ce da aka yi da kyakkyawar niyya. Amma kafin a yanke wa katako hukunci, ya kyautu a leƙa wuraren da ake tafiya cikin jiragen katako waɗanda suka girmi masu tuƙa su, a ga abin da ya hana su nutsewa.

Jiragen da suka girmi masu su

A gaɓar tekun Ingila da ƙasashen arewacin Turai akwai wani irin ƙaramin jirgi na shaƙatawa wanda iska ke turawa. Tsawonsa daga ƙafa 18 zuwa 30, da ɗan ɗaki a ciki mai gado biyu ko huɗu da wurin ɗora tukunya. A tsakiyarsa an kafa doguwar sanda wadda ta ɗara jigon lambu tsawo nesa, jikinta ake ɗaura manyan ƙyallaye masu ƙarfi don kama iska. Ba don ƙetare babbar teku aka yi shi ba. Magidanci ne da iyalinsa za su bi gaɓa da shi a lokacin hutu, su tashi da safe daga wannan tasha su kwana a waccan, ƙasa kuwa ba ta ɓace musu da gani. Masu irin jiragen nan da yawa malaman makaranta ne da ma'aikatan ofis, ba attajirai ba. A Nijeriya ma akwai ƙungiyar masu wannan sha'awa a Ikko tun 1932.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Folkboat, ma'anar sunan kuwa jirgin jama'a. A 1941, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka shirya gasa a ƙasashen arewacin Turai don a sami zanen jirgi mai araha wanda ma'aikaci zai iya mallaka. Ba wanda ya ci gasar kai tsaye, sai aka ba wani injiniya ɗan Suwidin mai suna Tord Sundén aikin harhaɗa mafi kyawun zane-zanen, aka tura na farko ruwa a birnin Gothenburg a 1942. Tsawonsa ƙafa 25, nauyinsa ya kusa tan biyu, kimanin rabin nauyin nan kuwa dunƙulen ƙarfe ne da aka ɗaure a ƙarƙashinsa. Nan asirin yake. In iska ta kwantar da jirgin gefe guda, sai ƙarfen nan ya rinjaye ta ya tashe shi tsaye, kamar yadda dutse ke riƙe gindin jigo. Dubbai aka ƙera, kuma har yau ana tafiya cikin na katako da aka yi tun shekarun 1950. A 1960 wani tsohon hafsan sojan Ingila, Herbert Hasler, ya ƙetare tekun Atilantika shi kaɗai cikin irinsa mai suna Jester, daga Plymouth zuwa New York, cikin kwana 48.

Akwai ma wanda ya fi wannan ban mamaki. A gaɓar gabashin Ingila akwai wani ƙaramin jirgin masunta mai suna Boadicea, wanda aka ƙera a garin Maldon a 1808. Ɗaliban tarihi za su tuna cewa a shekarar nan ce Alƙalawa, babban birnin Gobir da ke bakin gulbin Rima, ta faɗa hannun masu jihadi. Yau Alƙalawa kufai ce, jirgin nan kuwa yana nan yana shiga ruwa. Gaskiya ne an sha canza masa katako, har ma an yi masa gagarumin gyara na shekaru, amma ai wannan shi ne batun. Jirgin katako kamar ɗakin soro yake, wanda ake yi wa yaɓe kowace shekara ya ga jikoki, wanda aka bari kuwa damina uku ta isa ta kai shi ƙasa.

To, me masu su ke yi musu? Katako abu ne mai numfashi. In ya jiƙe ya kumbura, in ya bushe ya tsuke, tsukewar kuwa ta faɗi ce ba ta tsawo ba. Saboda haka jirgin da ya daɗe a tudu, sai a ga kafa ta buɗe tsakanin allo da allo har haske na ratsowa. Masu tsofaffin jiragen nan sun san haka sarai. Idan sanyi ya shigo suka fitar da jirgi, sukan ɗora shi bisa gungume, su lulluɓe shi don kada rana da iska su busar da shi fiye da kima, kada kuma ruwan sama ya kwanta a ciki, gama ruwan daɗi ya fi na gishiri ruɓar da katako. Kafin komawa ruwa, mai jirgi zai bi shi allo-allo yana ƙwanƙwasawa da 'yar guduma, inda ya ji amon ya mutu ya san ciki ya ruɓe, ya soka basilla ya tabbatar. A cire ruɓaɓɓen a sa sabo. A duba ƙusoshi, domin ƙusar baƙin ƙarfe takan yi tsatsa ta cinye katakon da ke kewaye da ita, shi ya sa suka fi son ta jan ƙarfe ko tagulla. A jiragen da allunansu ke haɗuwa baki da baki, sai a cusa zaren auduga cikin kafofin da ƙarfe mai faɗin baki, a bi da kwalta ko wani abin liƙi, kana a shafa fenti.

Sa'an nan ga mataki na ƙarshe, wanda ya fi dukkansu muhimmanci ga mutanen bakin gulbi. Ba a ɗora wa jirgi kaya ranar da aka mai da shi ruwa. Akan bar shi ya kwana biyu ko uku, wani har mako, yana shan ruwa ana kwalfewa, har katakon ya kumbura kafofin su rufe da kansu. Sai yoyo ya tsaya ake fita da shi.

Labarin Joshua Slocum ya nuna fuska biyu ta wannan al'amari. A 1892 aka ba wannan tsohon kyaftin kyautar wani mataccen jirgin masunta mai suna Spray, wanda aka yasar a fili a garin Fairhaven na Amurka. Ya shafe wata 13 yana sake shi da hannunsa, ya kashe dala 553 da 'yan kai. Ranar 24 ga Afrilu 1895 ya tashi daga Boston, ya kewaye duniya shi kaɗai, tafiyar mil 46,000, ya komo ranar 27 ga Yuni 1898, kuma shi ne mutum na farko da ya yi haka. Amma da shekaru suka ja, waɗanda suka ga Spray sun shaida cewa kulawa ta ragu, jirgi ya lalace. Cikin Nuwamba 1909 Slocum ya sake fita da shi, daga ranar ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba, shi da jirgin.

Wanda ya ratsa Sahara a bayan raƙuma

Mai karatu zai iya cewa wannan duk labarin ƙasashen sanyi ne, ina ruwan katakon Turai da zafin ƙasar Hausa. To, an taɓa gwadawa.

Cikin Maris 1850 wasu Turawa uku suka tashi daga Tarabulus da sunan gwamnatin Ingila, watau James Richardson da Jamusawa biyu, Heinrich Barth wanda aka sani a ƙasashen nan da Abdulkarim, da Adolf Overweg wanda ake kira Tabib. Cikin kayansu har da wani ƙaramin jirgin katako da aka ƙera a tsibirin Malta don binciken Tafkin Chadi. Da aka ga raƙumi ba zai iya da shi ba, sai aka raba shi kashi huɗu aka ɗaura. Haka ayarin ya bi ta Murzuk da Gat da duwatsun Azbin. A farkon 1851 Turawan suka rabu a Damargu, Barth ya nufi Katsina da Kano, Overweg ya bi ta Maraɗi da Gobir, Richardson kuwa ya rasu a hanya kafin ya kai Kukawa. Jirgin dai ya isa Barno a zamanin Shehu Umar, bayan ya yi fiye da shekara guda yana shan rana da iskar hamada. Kafintoci suka harhaɗa shi, aka raɗa masa sunan Lord Palmerston, ministan harkokin wajen Ingila na lokacin, a daminar 1851 kuma Overweg ya yi makonni cikinsa yana yawo tsakanin tsibiran Buduma, ya komo lafiya. Ba ruwa ne ya ci Overweg ba, zazzaɓi ne, a ƙauyen Maduwari na bakin tafkin, ranar 27 ga Satumba 1852, yana da shekara 30.

Bayan rasuwar abokinsa, Barth ya bar jirgin a Barno ya yi yamma, tare da yara biyu da Overweg ya 'yanta, Dorugu Bahaushe da Abbega. Cikin Maris 1853 suka taso daga Katsina suka biyo ta Zurmi, suka wuce Badarawa da ke cikin ƙaramar hukumar Shinkafi ta yau, inda Barth ya tarar da kasuwa mai cika wadda auduga ta yi yawa a cikinta, suka bi ta Isa da dajin Gundumi har suka sadu da Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Duk tsawon hanyar nan, a ƙasar da gulabe suka ratsa, bai bukaci jirgi ba, domin rani ne. Dorugu kuwa daga baya ya ga teku da idonsa sa'ad da ya bi Barth zuwa Ingila a 1855, ya dawo ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Ɗan Hausa a Nasarawa ta Kano, ya rasu a 1912.

Tafiyar Barth ta rani ta isa ta bayyana dalilin da ya sa jirgin iska bai taɓa samun gindin zama a wannan yanki ba. Lokacin da iska ke kaɗawa a kai a kai daga arewa maso gabas, watau hunturu, gulbi ya riga ya ƙafe. Lokacin da ruwa ya zo kuwa, iskar da ake tsoro ita ce guguwar da ke gaban hadari, wadda kan taso daga gabas farat ɗaya. Jirgin iska ba ya iya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya riƙa karkata dama da hagu yana ci gaba kaɗan-kaɗan, wannan kuwa sai da fili da zurfi. Folkboat yana bukatar zurfin da ya kusa ƙafa huɗu kafin ya motsa. Gagare da Bunsuru ƙunci gare su, ga kwana-kwana, ga tudun rairayi da ke sauya wuri kowace shekara, ga ƙarfin igiyar ruwa. Abin da ya dace da su shi ne abin da masu fito suka gada, watau kwale-kwale mai shimfiɗaɗɗen ciki, da gora da filafili, yanzu kuma da ɗan injin da ake maƙalawa a baya. Abin dariya ma, a Ƙauran Namoda in aka ce jirgi, na ƙasa ake nufi, tun da layin dogo ya iso garin daga Zariya a 1929, alhali kuwa na ruwa ne mai sunan tun asali.

Layin fenti da 'yar guduma

Ba wanda zai ce a kawo jiragen shaƙatawa Zurmi. Abin ɗauka daga masu su shi ne tarbiyyar kula da katako, kuma bukatarta ta fi tsanani a nan. Jirgin Suwidin yana hutawa ne cikin sanyi da laima. Kwale-kwalen Gagare kuwa yana hutawa ne cikin hunturu mai fasa leɓe da tsage ƙafa, ya zarce cikin zafin Afrilu da Mayu, wata shida ko bakwai a tudu. Ko maɗaci ne ko wane irin ice mai ƙarfi, dole ya tsuke ya tsattsage. Ruwa kuma ba ya sallama, dare ɗaya gulbi kan kawo, gari ya waye mutane sun taru a mashigi suna jiran fito, ga gona a ƙetare, ga ranar kasuwa. Kwanakin nan biyu ko uku da katako ke bukata don ya sha ruwa ya rufe, su ne matsin rayuwa kan hana shi. Jirgin da ke yoyo kuwa, ruwan da ya taru a cikinsa yakan gangara gefe guda da zarar mutane sun motsa, ya ƙara masa karkata, shi ke nan sai kifewa.

Batun lodi ma tsohon ciwo ne, kuma Turawa sun sha fama da shi. A ƙarni na 19 masu manyan jiragen Ingila sukan cika su maƙil, ma'aikata su yi ta halaka, har wani ɗan majalisa mai suna Samuel Plimsoll ya tsaya kai da fata aka kafa dokar 1876, wadda ta tilasta a zana layi a jikin jirgi, in ruwa ya rufe layin to kaya ya wuce kima. Da fari mai jirgi ne ke zaɓen inda zai zana abinsa, sai a 1890 aka ɗora wa hukuma wannan nauyi, domin an gane ba a ba kura ajiyar nama. Ƙananan jirage kuwa, tun daga 1998 doka a Tarayyar Turai ta wajabta wa maƙera su liƙa wani ɗan allo da ke faɗin adadin mutane da nauyin kayan da sabon jirgi zai ɗauka. Amfanin layin fenti shi ne ba ya bukatar karatu. Tsohuwar da ta zo da ƙwaryar nono tana iya dubawa ta ce ba za ta shiga ba.

A yi wa faiba adalci. Ba ya tsukewa da hunturu, ba ya ruɓewa, shi ya sa tun shekarun 1960 masu ƙera jiragen shaƙatawa suka koma kansa, har wani samfuri guda mai suna Westerly Centaur, wanda aka fara a 1969, aka ƙera fiye da 2,400. Ga gulbin da ke ƙafewa rabin shekara, wannan ba ƙaramar fa'ida ba ce. Sai dai in ya fashe, kayan gyaransa ba a kasuwar ƙauye suke ba, alhali kafinta da katako da auduga da kwalta ana samunsu a Shinkafi. Faiba kuma ya fi ruwa nauyi, in ba an gina masa akwatunan iska ko soso a ciki ba, ya cika da ruwa sai ƙasa, katako kuwa ko ya kife yakan bar wa mutane abin kamawa. Jirgin mutum ashirin da aka zuba wa hamsin, ko da me aka ƙera shi, makomarsa ɗaya ce. Kuma kafin jiragen faiba su kai kowane mashigi a ƙananan hukumomin nan uku, damina nawa za ta wuce ana fito da na katako?

Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, watau NIWA, mai hedkwata a Lakwaja, tana da dokokin sa rigar kariya da hana tafiyar dare, kuma a 2025 Gwamnatin Tarayya ta yi rabon rigunan ga wasu jihohi. Amma tsakanin Lakwaja da mashigin ƙauye a ƙasar Zurmi akwai nisa. Waɗanda ke kusa su ne sassan ayyuka na ƙananan hukumomi, da hakimai da dagatai, da sarakunan ruwa waɗanda suka san kowane kwale-kwale da mai shi. Ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙauran Namoda tun 1983, inda ɗaliban injiniya ke neman aikin bincike na kammala karatu kowace shekara. Auna kwale-kwale, da lissafa nauyin da zai ɗauka, da zana masa layi, aiki ne da bai fi ƙarfin ɗalibin difloma ba, in dai an sami tsaron da zai ba shi damar isa bakin gulbi.

Lokacin yin wannan aiki kuwa tsakanin Fabrairu ne da Mayu, sa'ad da jiragen ke kife bisa rairayi, cikinsu a sama, kowace tsaga a bayyane, ma'aikacin da aka aika kuma yana iya taka gulbin da ƙafa daga wannan gaɓa zuwa waccan da 'yar gudumarsa da gwangwanin fenti.